Inda Aka Kwantar da Yaya Haladu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya rarraba ta ga al'ummai, ya ba kowace al'umma harshenta, da abincinta, da yadda take sallamar mamacinta. Ni ce Saude 'yar Malam Ilu, mutuniyar Kazaure, ma'aikaciyar gwajin ruwan sha. Zan ba ku labarin tafiyar da na yi shekara ashirin da biyu da suka wuce zuwa Japan, ƙasar tsibirai da duwatsu, inda rana ke fitowa tun muna tsakiyar barci. Ban je neman dukiya ba. Amsar tambaya ɗaya na je nema, kuma na samo ta.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna: Yaya Haladu, sai ni, shekara tara tsakaninmu. Ya yi ƙwazo a makaranta har aka tura shi Japan koyon aikin injiniya. Shekara biyu yana rubuto mana labarin injuna, daga nan wasiƙunsa suka juya, suka koma labarin itatuwa da duwatsu da ruwa mai gudu. Ashe ya bar makarantar ya shiga koyon gyaran lambu. Baba ya yi fushi, har ya rasu bai huce ba. Inna kuwa, don ɗan fari ne, ba ta tanka maganarsa a gaban mutane.

Wata rana takarda ta iso da Turanci, layi huɗu. Ta ce Haladu Ilu ya rasu da ciwon huhu a lokacin sanyi, a wani ƙauye cikin duwatsu, kuma an yi masa jana'iza cikin girmamawa. Ba sunan ƙauyen, ba sunan wanda ya tsaya a kansa. Muka yi zaman makoki, muka yi sadaka, mutane suka watse.

Kusan shekara uku bayan haka ma'aikatarmu ta zaɓe ni zuwa kwas na wata uku a Tokyo. Ana gobe zan tashi, na tarar da Inna tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Idan kin je, ki nemi inda aka kwantar da yayanki."

"Zan nema, Inna."

"Ba yawon ziyara na aike ki ba. Mutanen nan ba su san alƙibla ba. Ki duba min ko fuskarsa tana kallonta. Wannan ne kaɗai ke ci na."

A garinmu mata ba sa zuwa maƙabarta. Ta sani, na sani, amma babu namijin da za a aika. Ta ba ni gwangwanin ƙuli-ƙuli da ƙullin yaji, ta ce in kai wa waɗanda suka sa shi a ƙasa, kada su ce ba shi da dangi masu kunya.

Wasiƙunsa talatin da ɗaya ne, duk na tafi da su. Cikin wata ukun nan, in mun tashi daga aji, sai in baje su in duba hatimin gidan waya da ke kan kowane ambulan, abokan karatuna 'yan ƙasar suna karanta min. Na jera su bisa kwanan wata, na ga ya tashi daga Tokyo ya koma Kyoto, daga nan hatimin ya zama na wani yanki mai faɗi a arewa, mai ƙauyuka sama da ɗari. Kwana goma suka rage min bayan kwas. Da su na shiga nema.

Tokyo gari ne da aka gina shi hawa uku: mutane a ƙarƙashin ƙasa, mutane a kan ƙasa, mutane a kan gadoji a sama. Da safe akwai ma'aikata masu fararen safar hannu da aikinsu tura jama'a cikin jirgin ƙasa har ƙofa ta rufu, kamar ana danna auduga a buhu. Mutum ɗari biyu a tarago guda, ba ka jin ko tari. Na sha tunanin yadda Yaya, wanda dariyarsa ke tayar da kajin maƙwabta, ya zauna cikin wannan shiru.

Na fara da gidan kwanan ɗalibai inda ya sauka da farko. Mai kula da gidan dattijo ne mai jin Turanci. Na ba shi hoton Yaya, ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, sannan ya rusuna wa hoton. Ya kawo min koren shayi marar sukari. Ya ce Haladu ya taɓa gyara masa injin ɗumama ruwa da cokali mai yatsu. Muka yi dariya. Sai na ce, "Baba, ina kabarinsa?"

Ya ja iska ta tsakanin haƙoransa, ya karkata kai. "Wannan," in ji shi, "yana da ɗan wuya."

Ya ɗauko ɗan katinsa, ya yi rubutu a baya, ya ce in kai wa shugaban masu lambu a wani wurin bauta a Kyoto. Na ɗauka bai sani ba ne kawai.

Na shiga jirgin ƙasa mai gudun da ke mayar da gonaki zare. Na ga dutse guda tsaye shi kaɗai da farar hula ta ƙanƙara, kafin in gama kallonsa ya wuce. Kyoto kuwa ta tarbe ni cikin kaka, itatuwanta sun yi ja kamar an zuba musu garura, wasu rawaya kamar an barbaɗa gangamau. Wuraren bauta a garin sun fi rijiyoyin Kazaure yawa. Na ga wani da aka lulluɓe da zinariya yana kallon kansa a cikin tafki. Na ga hanya mai jajayen ƙofofi jere har kan tudu, na ƙirga ɗari huɗu na gaji.

Lambun da aka aike ni ba shi da ko tsiro ɗaya. Fili ne na farar tsakuwa da aka ja wa layi da manjagara, da manyan duwatsu a zaune a ciki nan da can. Mutane suna zaune a dakalin katako suna kallonsa kamar masu jiran a ɗaga labule. Shugaban masu lambun ya karanta katin, ya kira wata mata mai sayar da tikiti ta yi mana tafinta. Ya ce in biyo shi. Muka zagaya baya, inda baƙi ba sa shiga, wani ɗan tsakar gida mai yashi.

Na tsaya cak. Yashin an share shi ne da gajeriyar tsintsiya, hannu na zuwa dama ya dawo hagu, kowane sawu ya hau kan na gabansa kamar ɓawon kifi. Sharar tsakar gidanmu ce. Kafin a haife ni Inna ba ta da 'ya mace, Yaya ne ke mata shara, kuma hannunta ya ɗauka.

Matar ta ce, "Ranar farko da Haladu ya sunkuya ya yi haka, duk suka yi masa dariya, wai yana shara kamar mai neman allura. Da shugaba ya zo ya gani, ya ce kada kowa ya taka. Tun daga nan haka ake share wannan wurin. Yanzu wancan saurayin ne ke yi, amma shugaba ya ce hannunsa ya cika tauri."

Na durƙusa a bakin yashin, ban taɓa ba. Da na iya magana na sake yin tambayata. Shugaban ya amsa da doguwar magana, matar ta fassara da gajeriya: in je wurin bauta na gansakuka a gefen gari, limaminsu ya san maigidan da Haladu ya bi zuwa arewa.

Wannan wurin yana da ƙa'ida. Ba a shiga lambun, ba a ganin limamin, sai baƙo ya durƙusa a zaure ya kwafi shafi guda na littafin addininsu da burushi da tawada. Na shiga na tarar da mutum kusan arba'in a durƙushe gaban gajerun tebura. Aka ajiye min takarda mai inuwar rubutu a jiki, in bi sawu. Na tambayi wadda ke kusa da ni ma'anarsa, ta ce addu'a ce ta bautarsu. Hannuna ya ƙi. In na rubuta, na rubuta abin da ban yarda da shi ba. In na tashi, hanyata ta yanke a nan, kwana shida suka rage min.

Na zauna ina kallon tawadar. Baƙa ce, ana niƙa ta da ruwa a kan dutse, ƙamshinta kusan ɗaya da tawadar makarantar allonmu. Sai na juya takardar ta baya, inda babu komai. Ƙa'idarsu ta ce baƙo ya durƙusa ya rubuta addu'a da hannunsa. Na rubuta tawa da ajami, daga dama zuwa hagu: Allah ka jiƙan Haladu ɗan Ilu, ka sa ya huta, ka nuna wa ƙanwarsa inda yake. Na bi layi na ajiye a gaban mai karɓa.

Ya juya takardar, ya sake juyawa, ya tashi da ita. Na ce a raina yau za a kore ni da ladabi. Sai ga shi ya dawo tare da wani tsoho mai askakken kai cikin baƙar riga, riƙe da takarda biyu. Ɗaya tawa ce. Ɗayar ta tsufa, ta yi ruwan ƙasa, ita ma an juya ta ta baya, ita ma ajami ne, da wannan rubutun na Yaya mai karkata kamar gero a iska.

Limamin ya ce da Turanci a hankali, "Shekara arba'in ina zauren nan. Mutum biyu ne suka juya min takarda. Ke ƙanwarsa ce."

Ya zaga da ni lambun da kansa. Ƙasa, duwatsu, gindin itatuwa, duk gansakuka ya rufe su, kore iri-iri, mai laushi kamar bargon jariri, hasken rana na sauka a kai ɗigo-ɗigo. Ya rubuta min sunan ƙauyen, wanda ba zan faɗa ba don mutanensa na nan da rai, da sunan maigidan, Sugiura. Na ce, "A maƙabartar ƙauyen aka sa shi?"

Ya sunkuya ya cire wani busasshen ganye daga kan gansakukan. Ya ce wannan da nake gani ya fi shekara ɗari uku, kuma ba ya son a taka shi.

A nan na fara ganewa. Ni Bahaushiya ce, na san kawaici in na gan shi. Mutum uku sun san Yaya, sun ƙaunace shi, kowanne ya ba ni shayi ya miƙa ni gaba. Ba rashin sani ba ne. Akwai maganar da babu mai son ta fito daga bakinsa.

Yini guda na yi a jiragen ƙasa zuwa arewa, kowanne ya fi na bayansa ƙanƙanta da jinkiri. Washegari na shiga bas. Ta tsaya a gindin dutse inda ruwan sama ya zubo da ƙasa ya toshe hanya, direban ya nuna min wata 'yar turba, ya ɗaga yatsa biyu, wato awa biyu a ƙafa. Na ɗaura zanena da kyau na kama hawa, cikin itatuwa dogaye miƙaƙƙu da suka rufe sama.

Na yi kamar rabin tafiya sai na ga biri a kan turbar, jar fuska, gashi toka-toka. Na tsaya. Wani ya sauko ta hagu, wasu ta baya, har na ƙirga goma sha huɗu. Jakata suke kallo. Babbansu ya matso ya kama igiyar ya ja, na ja, ya buɗe min haƙora. A jakar nan wasiƙun Yaya suke da fasfona. Na tuna ba a kallon biri cikin ido, na sunkuyar da kai, na zura hannu a hankali na buɗe gwangwanin Inna. Na kwance ƙullin yajin, na juye shi duka a kan ƙuli-ƙulin sama, na girgiza, na watsa musu nesa cikin ciyawa. Suka ruga. Babban ya kore sauran ya cika bakinsa.

Yajin Inna ko a Kazaure ana jin tsoronsa. Birin ya yi tsit, ya zauna, ya kama harshensa da hannu biyu, sannan ya yi wata ƙara ya nufi rafi, sauran suka bi shi suna atishawa. Na ɗauki jakata na yi sauri. Na yi dariya har hawaye suka zo, da suka zo kuma suka ƙi tsayawa.

Ƙauyen gida ashirin ne da 'yan kai a cikin kwari. Wadda ta buɗe min ƙofar gidan Sugiura mace ce da ta kusa hamsin, sunanta Masae, 'yarsa ce, nas ce a ɗan asibitin yankin, kuma tana jin Turanci. Ta dube ni, ta dafa ƙofar. "Goshinku ɗaya," ta ce. "Shigo, Saude. Shekara uku muke jiran wani ya zo."

Na cire takalmi. Na miƙa mata gwangwanin da rabinsa ya tafi, na ce saƙon mahaifiyarmu ne, birai sun karɓi kasonsu. Ta yi ɗan murmushi ta ce Haladu kullum ƙorafinsa abincinsu kamar na marar lafiya, ba yaji. Ta zuba min shayi. Na ture kofin gefe.

"Yaya Masae, na sha shayi a Tokyo, na sha a Kyoto. Don Allah ki kai ni kabarinsa."

Ta tashi ta ja wata ƙofa ta takarda. A ɗakin ciki akwai ɗan kanta mai hawa biyu, da hoton Yaya, da ƙaramin kwano na shinkafa mai tururi, da furanni. A tsakiya akwai akwati da bai kai tsawon kamu biyu ba, an naɗe shi da farin ƙyalle.

"Ga shi nan," in ji ta.

Na duba bayan kantar, ina neman taga da za ta nuna maƙabarta. Na sake duban akwatin. Mutum mai ilimin kimiyya ce ni, na karanta cewa mutanen ƙasar nan ƙona gawa suke yi, na san haka kamar yadda na san tsawon kogunansu. Ko sau ɗaya ban haɗa wannan sanin da Yaya ba. Na zauna a kan tabarma.

Wani tsoho ya shigo, Sugiura ne da kansa, ƙanƙani, hannayensa kamar saiwar itace. Ya durƙusa a gabana, ya kifa goshinsa a ƙasa, ya ƙi ɗagowa.

"Ki ce masa ya tashi," na ce. "Ba a yi wa mutum sujada." Muryata ta fito da kaushin da ban san ina da shi ba. "Kun ga yana salla. Sau biyar a rana kuna ganinsa. Ba wanda ya yi tunanin tambaya?"

Masae ta ce, "Ba mu san akwai abin tambaya ba. Ƙanƙara ta rufe hanya kwana tara. Makarantarsa ta ce ba ɗalibinta ba ne yanzu. Baba ya ce wannan ɗana ne, ba za a yi masa jana'izar baƙo ba. Ya yi masa irin wadda ya yi wa mahaifiyata, ba abin da ya rage. Bayan wata biyar ya je birnin Kobe dasa itace a gidan wani Musulmi ɗan kasuwa, yana ba shi labari da alfahari. Mutumin ya gaya masa abin da ya aikata. Tun ranar bai sake riƙe almakashin lambu ba. Ya rubuta wa duk wanda ya san Haladu ya faɗa musu. Ku ne kaɗai ya kasa rubuta wa."

Na fita waje. Na zauna a kan wani dutse a lambun da ciyawa ta cinye, tun hantsi har rana ta karkata. Na yi kuka, na yi fushi, na tuna mutumin da ke ɗaukata a wuya zuwa kallon kasuwa. Abin da ya fi tsaya min shi ne Inna da faifanta. Ta aiko ni in duba fuska, ga shi babu fuskar.

Da na gaji, halina ya dawo min. In abu ya fi ƙarfina, tambayoyi nake jerawa. Na koma ciki na ce Masae ta zauna.

"Wa ke wurinsa lokacin da ya cika?"

"Ni da Baba."

"Ya yi magana?"

"Yana ta maimaita wani abu. Ban san ma'anarsa ba, amma na riƙe, don na ga kamar saƙo ne." Ta rufe ido, ta faɗe shi da harshenta da ba ya iya harafin lam, a hankali, gaɓa-gaɓa. Kalmar shahada ce. Shekara uku tana ɗauke da ita ba ta san me ta ɗauka ba.

Na ce, "Saƙo ne. Ya isa." Sannan na ce, "Wa ya wanke shi?"

"Baba, da ruwan ɗumi. Ya sa masa fararen kaya."

"Cikin akwatin nan toka ce?"

Ta girgiza kai. Ta ce ƙasusuwa ne. A al'adarsu, bayan wuta ta mutu, dangi ne ke tsince ƙashin da dogayen tsinkaye, mutum biyu suna ɗaga guda ɗaya tare. Ba shi da dangi a nan, sai ita da mahaifinta suka tsaya. Kuma ba a zubawa yadda aka ga dama. Daga ƙafa ake farawa a bi har sama, ƙashin kai ne na ƙarshe, don kada mamaci ya zauna a kife.

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Sai na ga abin da zan iya yi.

Babu malami, babu namiji Musulmi ko ɗaya a tafiyar yini. Ban san hukuncin abin da na yi ba, har yau ban tambaya ba. Masae ta je ta yi magana da limamin ƙauyen da hukumarsu, aka yarda a ba mu gefe a filin kaburburan gidan Sugiura, a kan tudu. Na sayi farin yadi. Na ce ina son rami mai tsawon mutum, ba na ɗan akwati ba. Da aka fassara wa tsohon, ya tashi ya shiga rumfar kayan aikinsa, ya fito da shebur da ya yi tsatsa. Maƙwabta suka zo taimako, ya hana su. Shekararsa saba'in da shida. Yini guda ya yi yana haƙa.

Tun makon farko a Tokyo na san alƙiblar ƙasar nan tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa, ba gabas kamar tamu ba. Na aza kamfas ɗina a ƙasa, na ja layi da tsinke, na ce kai zai kasance arewa, ya kwanta a kan damansa, fuska ta kalli yamma. Masae ta fassara. Tsohon ya tsaya da shebur a hannu, ya yi wata tambaya, ta amsa, ya sake tambaya.

"Me yake cewa?"

"Yana tambaya ko wani ne ya gaya miki," in ji Masae. "Haka muke kwantar da mamaci kafin a fita da shi. Kai arewa, fuska yamma. Baba mai bin tsohuwar al'ada ne, har juya shi ya yi a kan damansa. Haka Haladu ya kwanta kwana biyu a ɗakin can."

Na dubi tsohon, ya dube ni. Wannan ne karo na farko da muka haɗa ido.

Washegari da hantsi na yi alwala, na ɗauko Yaya da hannu biyu na hau tudun da shi. Bai kai nauyin tulun ruwa ba. Na shiga ramin da kaina, na shimfiɗa yadin. Masae ta buɗe farin tulun da ke cikin akwatin tana miƙo min, na saman farko. Na aza ƙashin kai a arewa, na juya shi ya fuskanci yamma. Na bi da sauran yadda suka fito, tana gaya min wannan na kafaɗa ne, wannan haƙarƙari, wannan gwiwa, da muryar aikinta ta asibiti, har muka kai ƙafa. Farare ne, marasa nauyi kamar alli. Na naɗe yadin, na ɗaure shi wuri uku. Na fito na yi duk addu'ar da na sani, su biyu suna tsaye a bayana. Tsohon ya miƙo min shebur in fara zuba ƙasa. Na zuba uku da hannuna, na mayar masa da shebur ɗin, na ce, "Baba, ƙarasa."

Na iso Kazaure ranar wata Laraba. Sai da 'yan sannu da zuwa suka ragu, muka rage mu biyu a ɗaki, Inna ta ce, tana kallon bango, "Kin samu wurin?"

"Na samu, Inna."

"Yana kallon alƙibla?"

"Yana kallonta. Da awo na auna."

Ta sauke numfashin da na ji kamar tun shekara uku take riƙe da shi. "Wa ya wanke shi?"

"Maigidansa. Wani tsoho, Sugiura. Shi ya wanke shi, shi ya haƙa kabarin da hannunsa, ya hana kowa taya shi."

"Kuma ba Musulmi ba?"

"Ba Musulmi ba."

Ta jinjina kai. Ba ta ƙara tambaya ba, ni kuma ban ƙara komai ba. Duk abin da na gaya mata gaskiya ne, kuma na san abin da na yi.

Inna ta ƙara shekara ashirin da ɗaya a duniya, bara ta rasu, shi ya sa yau na iya rubuta wannan. A duk tsawon shekarun nan, in ta idar da salla ta gama yi wa iyayenta da Baba addu'a, sai ta ce, "Allah ka saka wa Malam Sugura da alheri, yadda ya rufa wa bawanka asiri." In ina kusa, sai ta ɗan juyo tana jiran in amsa. Ina amsawa. A shekarun farko amin ɗin kan tsaya min a wuya kamar ƙaya, in tura shi da ƙyar don kada ta lura. Na yi ta bincike a raina, ni mai son sanin ranar komai, in gano shekarar da ya daina tsayawa, ban gano ba.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan a ƙasar Japan. Abin da ban gani ba, da abin da na ɓoye, Allah ne masaninsu.